Sunan "Khoury" a littafin bashin kakana: ina asalin wannan gida?

Jikan Akawu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon duk wanda ya san tarihin Kwarorin da suka yi kasuwanci a Kano, musamman Kiristocin cikinsu, domin wani nauyi ne ya faɗo mana a gida.

Kakana na wajen uba, Allah ya jiƙansa, ya shekara 23 yana yi wa wani Kwara aiki a Fagge. Ya fara da sharar kanti da ɗauko bandiran akoko daga sito, ya koma kan sikeli lokacin kakar gyada, daga baya ya zama akawunsa. Mu dai "Kuri" muka taso muna jin ana kiran mutumin. In hira ta yi daɗi Kaka yakan ce sikelin Kuri bai taɓa cin gyadar talaka ba.

Watan jiya za a gyara ɗakinsa, sai muka buɗe adakarsa da ta shekara 9 a rufe. A ƙarƙashin riguna muka tarar da wani littafin lissafi mai baƙin bango, gara ta ci gefensa. Kowane bashi da ke ciki an ja masa layi, alamar an biya, in ban da guda ɗaya a shafin ƙarshe. Da ajami Kaka ya rubuta shi da hannunsa: Kuri yana bina fam 37 da sule 10. Shekarar 1968 ce a gefe. Baffana ya ce ya tuna, kuɗin kwanon rufin gidanmu ne. Mutumin ya tafi ƙasarsu neman magani bai dawo ba, daga baya aka sayar da kantin. Tun ranar da muka ga shafin nan Baffa bai yi barcin kirki ba, ya ce ba zai bar mahaifinsa a kabari da bashi a wuya ba.

A kan rasitai da boko an rubuta sunan "Khoury". A tsakiyar littafin kuma akwai wani ɗan kati da ya yi ja saboda tsufa, ɗauke da hoton wani dattijo mai farin gemu, sanye da baƙar riga mai hula a haɗe, ya sunkuyar da idonsa ƙasa. Akwai rubutun Larabci a cikin bangon littafin, amma irin mai gudu ɗin nan ne, na kasa karantawa. Kaka ya sha faɗa cewa maigidan nasa Larabci yake yi, komai ya ce in sha Allah, komai alhamdu lillah, amma ranar Lahadi coci yake zuwa.

Menene asalin wannan suna? Gida ɗaya ne ko gidaje? In gida ɗaya ne, ta ina za mu bi mu sami magadansa?

Ɗalibin Sham ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa baffanka da alheri, ya kuma jiƙan Kaka. Na yi karatu a Dimashƙu, na shiga Labanan sau da yawa, bari in faɗa maka abin da na sani.

Ɗan'uwa, ba gida ɗaya ba ne, gara ka san wannan tun yanzu don kada ka ɓata lokaci. Al-Khuri a Larabcin mutanen Sham ma'anarsa limamin coci. Laƙabi ne kafin ya zama sunan dangi. Kwatanta shi da wani ya zo Kano ya ce yana neman gidan Liman, ko gidan Ladan, ko gidan Alƙali. Wace unguwa ce ba ta da gidan Liman? To haka Khuri yake a duwatsun Labanan, kusan kowane ƙauye yana da nasa, kuma yawancinsu babu jini tsakaninsu.

Za ka ce ta yaya limamin coci zai bar zuriya, tun da mun saba ganin fada ba ya aure? Wannan dokar cocin Katolika na Turawa ce. Cocin Maruniyawa, babbar ɗariƙar Kiristocin Labanan, duk da yana ƙarƙashin Paparoma, ya riƙe al'adarsa ta gabas: mai aure yana iya zama limami, sai dai ba ya yin aure bayan an naɗa shi. Manyan limamai da ruhubanawa ne kaɗai ba sa aure. Matar limamin ma tana da laƙabinta, ana ce mata khuriyya. Saboda haka in wani a cikin dangi ya zama limamin ƙauye, sai a riƙa kiran 'ya'yansa da jikokinsa Baitul Khuri, wato gidan liman, har ainihin sunan dangin ya ja baya ko ya ɓace. Wasu gidajen limancin ya yi ta bin su daga uba zuwa ɗa, kamar yadda muke gani a namu gidajen malamai.

Sunayensu da yawa haka suke. Haddad maƙeri ne, Najjar kafinta, Sayegh maƙerin zinariya, Khayyat tela, Bustani mai lambu. Na coci kuma akwai Shammas da Shidyaq, duka muƙaman mataimakan limami ne. Shugaban cocinsu na yanzu, wanda aka zaɓa a 2011, sunansa Bishara al-Ra'i, wato makiyayi. Wasu kuma sunan ƙauyensu suka ɗauka, kamar gidan Edde.

Sunan shi kaɗai ma ba ya nuna mutum Bamarune ne. Faris al-Khuri, wanda ya riƙe firaministan Siriya a 1944 da kuma 1954, Kirista ne amma ba na cocin Maruniyawa ba. Abin da ya sa nake ganin maigidan Kaka Bamarune ne shi ne katin nan. Siffar da ka bayar ta Mar Sharbel ce sak: rahibi ne daga ƙauyen Biƙa Kafra a arewacin Labanan, an haife shi a 1828 ya rasu a 1898, kabarinsa yana Annaya. A 1965 Paparoma ya ɗaga darajarsa, a 1977 aka ayyana shi waliyyi a wurinsu. Ka ga ke nan a 1968 katinsa yana tashe. Har yau da wuya ka shiga motar haya ta Bamarune ba ka ga hoton nan a maƙale ba.

Su kansu Maruniyawa sunansu ya samo asali ne daga Mar Marun, wani mai zuhudu da ya zauna a tsaunukan arewacin Siriya ya rasu wajen shekara ta 410, tun kafin zuwan Musulunci da ƙarni biyu. Mabiyansa suka yi ta ƙaura har suka fake a duwatsun Labanan, musamman kwarin Ƙadisha. Na taɓa sauka cikin kwarin nan da ƙafa. Ɗakunan ibada ne a sassaƙe cikin dutse, wani sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi kafin ka hango ƙofarsa. A can, a Ƙannubin, shugabannin cocin suka zauna wajen shekara 400 kafin su koma Bkerke kusa da Juniya. Ibadarsu har yanzu akwai Suryaniyanci a ciki, wato tsohon harshen Kiristocin yankin, amma harshen gida da kasuwa Larabci ne, shi ya sa Kaka ya ji in sha Allah a bakinsa. Allah shi ne sunan Ubangiji a wurin kowane mai jin Larabci, Musulmi ko Kirista.

Ɗauki hoton rubutun cikin bangon nan ka turo mini ta saƙon sirri. Ina kyautata zaton rubutun ruƙ'a ne, wanda ake koya wa yara a makarantun can. Mu da muka saba da rubutun allo yana ba mu wahala da farko, domin ɗigo biyu sukan zama ɗan layi, haƙoran sin kuma su ɓace gaba ɗaya.

Abban Sadiq ya amsa:

Ai Khoury sunan shugaban ƙasarsu na farko ne bayan samun 'yancin kai. In danginsa ne, masu kuɗi ne, ba sa buƙatar fam 37. Ni a ganina ku ƙiyasta kuɗin ku yi sadaka da su kawai, an wuce wurin.

Ɗalibin Sham ya amsa:

Abban Sadiq, gaskiya ne Bishara al-Khuri ya yi shugabancin Labanan daga 1943 zuwa 1952, kuma Bamarune ne, don tun yarjejeniyar 1943 kujerar shugaban ƙasa tasu ce, firaminista Sunni, shugaban majalisa Shi'a. Amma shi mutumin Rashmayya ne a yankin Alai, gidan sarauta da mulki. Babu dalilin haɗa shi da ɗan kasuwar Fagge don suna ya zo ɗaya. Batun sadaka kuwa, abin da na koya shi ne sai an nemi mai haƙƙi ko magadansa an rasa tukuna, kuma wadatarsu ba ta sauke bashin. Su tambayi malamin da suka amince da shi, amma nema ne farko.

Tsohon Ɗan Kwari ya amsa:

Ɗana ne yake buga mini wannan, ni idona ya yi rauni. Ya karanta mini labarinka har na sa ya maimaita. Yaro, Allah ya yi maka albarka, kai da baffanka.

Na shiga Kantin Kwari ina ɗan shekara 14, lokacin rumfunan gaba duk na Kwarori ne. Sama gida, ƙasa kanti. Da azahar za ka ji ƙanshin girkin matansu yana saukowa ta matakala, mu muna ƙasa muna auna yadi. Manyanmu suna cewa daga sunansu ma kasuwar ta sami suna, ko da yake wasu na cewa don wurin kwari ne. Turawa Siriyawa suke ce musu, saboda lokacin da na farkonsu suka zo babu wata ƙasa mai suna Labanan, duk ƙasar Sham ce a hannun Turkawa. Sai a 1920 Faransa ta yanka ta daban.

Abin da ya jawo su Kano jirgin ƙasa ne da gyada. Dogo ya iso a 1911, shekara ta zagayo gyada ta yi kuɗi, sai ga su daga Ikko. Aka yanka musu fili a Fagge ta Kudu, ba cikin birni ba, ba kuma unguwar Turawa ba. Su ne tsakanin manyan kamfanonin Turawa da mu. Kwara zai karɓi atamfa da akoko bashi daga kamfani, ya ba Bahaushe bashi, Bahaushe ya kai ƙauye, kaka ta yi a biya da gyada. Duk harkar a kan amana take tafiya, shi ya sa littafi irin na kakanka ya fi kuɗin da ke cikin akwati daraja. Kuma ba duka ne na kirki ba, kada in yi maka ƙarya. Na ga wanda yake danne sikeli da ƙafa, na ga wanda yake zagin yaransa kamar bayi. Na kuma ga wanda ya yi wa yaronsa aure ya ba shi jari. In kakanka ya yabi sikelin mutum, to ya cancanta, don masu awo ba sa yabon banza.

Ga abin da nake so ka riƙe. Kwarori ba da suna suke gane juna ba, da ƙauye ne. In biyu suka haɗu, tambayar farko ita ce daga wane gari. Mutum ɗaya zai zo, ya kafu, ya aika a turo masa ƙanensa, sannan ɗan baffansa, sannan mijin ƙanwarsa, har rabin ƙauye ya dawo nan. Musulmin cikinsu 'yan Shi'a da yawa daga Juwayya suke, a kudu. Kiristocin kuwa da na sani, da yawansu mutanen Miziyara ne a arewa. Suna ba da labari cewa na farkonsu niyyar Amurka suka yi, suka isa Marseille kuɗi ya gaza ko likita ya hana su saboda ciwon ido, sai suka hau jirgin ruwan da ya nufo Dakar da Firitawun da Ikko.

Wani maigidana ya taɓa ba ni labarin yunwar da aka yi a ƙasarsu lokacin yaƙin duniya na farko, yana yaro. Fara ta cinye amfanin gona a 1915, jiragen yaƙi suka tare teku, hukumar Turkawa ta hana shigo da alkama. Ya ce a gidansu su tara ne, uku suka rage. Yana faɗa yana kuka, babban mutum da furfura. Tun daga ranar na gane abin da ya sa ba ya yarda a zubar da ko loma ɗaya ta tuwo a kantinsa.

Kantunan sun fara komawa hannunmu ne bayan dokar 1972 ta Janar Gowon, wadda ta hana baƙi ƙananan harkokin saye da sayarwa, aka ƙara ƙarfafa ta a 1977. Wasu suka koma masana'antu a Bompai da Sharaɗa, wasu suka tafi. Ina jin a lokacin aka sayar da kantin maigidan kakanka. Amma jikokinsu suna nan a Kano, wasu sun fi ka iya Hausa. Ka je wajen titin Beirut da titin Lebanon, ka nemi tsofaffinsu, ka gaishe su da ladabi, ka ce Khoury na Fagge mai gyada da yadi wanda ya tafi jinya a 1968. Tsofaffi ba sa mance irin wannan.

Maman Hanan ta amsa:

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Baba ya faɗi gaskiya, ƙauye za ka nema. Mijina haifaffen Kano ne amma asalinsu can ne, kuma na sha wahalar takardun 'ya'yanmu, don haka na san hanyar.

A Labanan kowane gida yana da lambar rajista, kuma lambar tana ɗaure ne da ƙauyen kakanni, ko da an haifi mutum a Kano ko a Burazil. Takardar da ake cirowa sunanta ikhraj ƙaid, akwai ta mutum ɗaya, akwai ta iyali gaba ɗaya wadda ke jera uba da uwa da 'ya'ya. Tushen rajistar ƙidayar 1932 ce, wadda har yau ba su sake yin irinta ba. Ku ba za a ba ku takardar wani ba, amma ba kwa buƙatarta. Wanda kuke buƙata shi ne mukhtar, kamar mai unguwa ko dagaci ke nan a wurinmu, sai dai shi zaɓensa ake yi. Mukhtar ya san kowane gida, ya san wanda ya tafi Afirka da wanda ya dawo a akwati. Bayan shi sai limamin cocin ƙauyen, don suna ajiye littattafan baftisma da aure da mutuwa. Wani abin sha'awa, tsofaffin littattafan nan wasunsu da Karshuni aka rubuta su, wato Larabci da haruffan Suryaniyanci, kamar yadda kakanka ya rubuta Hausa da haruffan Larabci.

Kada rubutun boko ya ruɗe ka. Khoury rubutun Faransanci ne. Za ka ga Khouri, Khuri, El Khoury, Koury. A Burazil ya koma Cury, a Meziko Kuri, a Ajantina har Juri ake rubutawa, duk suna ɗaya ne ya bi bakin ma'aikacin tashar jirgin ruwa. In ka shiga Facebook da sunan nan kawai, dubbai za su fito maka, kuma ina jiye maka 'yan damfara da zarar sun ji maganar kuɗi. Kada ka ambaci bashi a fili sai ka tabbatar da mutanen.

Ka duba da kyau ko akwai wani suna bayan Khoury. Mutumin da ake ambata a matsayin ɗan Labanan na farko da ya sauka Ikko wajen 1890, ɗan Miziyara, Ilyas Khuri Yunus ake ce masa. Ka ga Khuri a tsakiya yake, Yunus ne dangin. Sau da yawa a rasit sukan yanke na ƙarshen don taƙaitawa.

Na je Miziyara sau ɗaya da rani. Tana kan tudu a yankin Zagarta, sama da Tarabulus ta Labanan. Gidaje manya-manya, har da wanda aka gina da siffar jirgin sama, yawancinsu a rufe sai lokacin hutu, masu su suna Najeriya. A wani shago wata tsohuwa ta ji ina yi wa 'yata faɗa da Hausa, sai ta juyo ta ce mini "sannu da zuwa, yaya gajiya". Na rasa abin cewa, sai hawaye. A Gusau ta yi ƙuruciyarta.

In ƙauyen bai fito ba, akwai wata ƙofar. Maruniyawa suna da babban limami mai kula da Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, mazauninsa Ibadan, tun 2014 aka kafa ofishin. Ku rubuta musu wasiƙa. Sannan akwai ofishin jakadancin Labanan a Abuja.

Jikan Akawu ya dawo:

Na rasa bakin godiya. Baba, na karanta wa Baffa amsarka, ya ce a gaishe ka, kuma yana roƙon izinin zuwa har gida ya gan ka. Hajiya Maman Hanan, Allah ya raya zuriya, na kiyaye da gargaɗinki.

Na tura wa Malam Ɗalibin Sham hoton bangon, ya karanta cikin minti biyar abin da muka yi wata guda muna juyawa. Sunaye huɗu ne a jere: sunan mutumin, sunan mahaifinsa, al-Khuri, sannan wani suna na huɗu da ba mu taɓa ji ba, kamar yadda Hajiya ta yi hasashe. A ƙasa an rubuta sunan ƙauye. Ba Miziyara ba ne, wani ƙarami ne a yankin Zagarta ɗin dai. Ba zan sa sunayen a nan ba tun da ban nemi izinin masu su ba.

Malam ya yi alkawarin rubuta mana wasiƙa da Larabci zuwa ga mukhtar da limamin cocin garin. Ranar Asabar kuma ni da Baffa za mu shiga wajen titin Beirut neman tsofaffi. Abin da ya rage mana shi ne lissafi: Baffa ya ce ba zai mayar da fam 37 da sule 10 zuwa naira 75 ya ce ya biya ba, tun da kuɗin kwano ne, so yake a ƙirga bandir nawa suka saya a 1968 a biya kuɗinsu na yau. Ya tuna ɗaki huɗu da zaure aka rufa. Katin kuma na sa shi a ambulan daban, in an same su zan haɗa musu da shi, don nasu ne. In akwai wanda ya san farashin bandir ɗin kwano a Kano a shekarun nan, don Allah ya taimaka mana.